Godiya ga ofishin inshorar Sabon Gari da ya shirya mu zuwa bakin teku

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Zuwa ga manaja da ma'aikatan ƙaramin ofishin inshorar motoci da ke saman bene a Sabon Garin Zariya, musamman Hajiyar da teburinta ke fuskantar ƙofa.

Na rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a ne domin godiyar da na yi muku da baki ba ta gamsar da ni ba. A hutun ƙarshen shekarar da ya wuce, lokacin da hunturu ya kankama a Zariya har yara na gudun ruwan alwalar asuba, na ɗebi iyalina a motata muka bi bakin teku tun daga Badagiri har Elmina a ƙasar Gana, muka dawo lafiya. Allah ne Ya kai mu Ya dawo da mu, amma cikin waɗanda Ya yi sanadi da su ku ne a gaba.

Muna da dangi a Akra. Ƙanen kakanmu ya bi fataken goro zuwa Gwanja tun zamanin Turawa, daga Salaga ya gangara kudu, zuriyarsa kuma tana unguwar Nima har yau. Zumunci ya koma na waya kawai. Yarana ba su san 'yan'uwansu ba, ba su kuma taɓa ganin teku ba sai a talabijin. Kuɗin jirgi na gida guda ya fi ƙarfina, shi ya sa na ce a mota za mu je.

Abin da ban zata ba shi ne irin wahalar da zan sha kafin in sami mutum ɗaya a garin nan da zai faɗa mini gaskiyar takardun da ake buƙata. Kowa da tasa fatawar. Wani ya ce ai ECOWAS ce, katin ɗan ƙasa ma ya wadatar, mota kuma ba ruwan kowa da ita. Wani ya ce in tafi kawai, komai a boda ake yi, in dai aljihu da nauyi. Wani mai jaka da ke zama a gindin bishiya, cikin masu cewa suna sabunta takardun mota, ya yanka mini kuɗin da ya kusa kuɗin man zuwa Legas, wai zai kawo mini katin inshorar ƙetare kafin la'asar. Da na tambaye shi wane kamfani ne zai bayar, sai ya ce in dai ina so in biya, in ba na so ga hanya nan. Na shiga wani babban ofishi mai gilashi da na'urar sanyaya ɗaki, yarinyar da ke wurin ba ta ko ɗago kai daga wayarta ba, ta ce wanda ya san wannan ba ya nan. Na koma, aka ce ya fita salla. Na sake komawa, aka ce sabis ya ɗauke. A wani wurin kuma aka ce sai dai in je Kaduna. Mutum da furfurarsa ya riƙa hawa bene yana sauka, ba roƙo ya zo ba, kuɗinsa zai biya, amma a riƙa kallonsa kamar ya zo cin bashi. Wannan ya ɓata mini rai ƙwarai, har na fara cewa maiɗakina wataƙila mu haƙura.

Wani direban babbar mota da muke salla tare ne ya kwatanta mini ofishinku. Na zo da babban ɗana, ban sa ran komai ba.

Hajiya ta amsa sallama, ta miƙe ta jawo mana kujeru, ta ce, “Malam, a zauna tukuna, a huta.” Ba ta fara da maganar kuɗi ba. Ta tambayi inda za mu, da wa da wa, da tsawon zaman da za mu yi. Sannan ta karɓi lambar mota ta shigar a rumbun bayanan kamfanonin inshora na ƙasa, wato NIID. Takardar inshorar da aka sayar mini tare da sabunta takardu, wadda nake yawo da ita cikin kwanciyar hankali, ba ta nan a ciki. Ta bogi ce. Yadda ta gaya mini shi ne abin da ba zan manta ba. Ta ga ɗana yana zaune, sai ta aike shi ya sayo mata katin waya a ƙasa, bayan ya fita ta juyo mini da fuskar kwamfutar ta ce, “Malam, ba kai kaɗai ba ne, kullum sai mun ga irinta. An cuce ku ne.” Ba ta so a ce an yaudari uba a gaban ɗansa. Wannan tarbiyya ce ta gida, ba a koyar da ita a kwas.

Daga nan ta yi mini bayani dalla-dalla. Tun 1 ga Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta mayar da kuɗin inshorar dole ta motar gida naira 15,000 a shekara daga naira 5,000, kuma inshorar tana biyan ɓarnar da ka yi wa dukiyar wani har naira miliyan 3. Abin da ya fi ba ni mamaki, katin inshorar ECOWAS ɗin da nake ta nema, wanda direbobi ke kira Brown Card, yana cikin wannan kuɗin. Ashe abin da mai jaka ya so ya sayar mini da tsada haƙƙina ne. Ta ce tsarin ya samo asali ne daga yarjejeniyar da shugabannin ƙasashen suka sa wa hannu a Kwatano a 1982, kuma kowace ƙasa tana da ofishinta da ke karɓar ƙorafi idan baƙuwar mota ta yi haɗari a cikinta. Ta kuma faɗa mini abin da katin ba ya yi, ba tare da na tambaya ba: ba zai gyara tawa motar ba, ba zai biya in an sace ta ba, na wanda aka yi wa ɓarna ne kawai. Mai son sayarwa kawai ba ya faɗin wannan.

Da a nan ta tsaya ma ta yi aikinta. Amma ta ɗauki takardun motar tana dubawa, ta ce mu sauka ƙasa a buɗe mata gaban mota. Ta gwada lambar jikin mota da ta takarda, ta tarar harafi ɗaya ya saɓa. Ta ce a nan gida ba mai kulawa, amma jami'in kwastan na wata ƙasa da zai ba ka takardar shigar da mota na ɗan lokaci, wannan harafin zai iya tsayar da kai yini guda. Ta gaya mini inda zan je a gyara. Ta juya bayan ambulan ta rubuta mini sauran: fasfo na kowa har ƙaramar, duk da cewa ɗan ECOWAS ba ya buƙatar biza in zaman bai wuce kwana 90 ba, katin rigakafin shawara, a kuma yi allurar da wuri domin sai bayan kwana 10 katin yake fara aiki, lasin tuƙi, takardun mota na asali tare da kwafi, abin kashe gobara da alamar tsayawa. A ƙasa ta rubuta lambobin ofisoshin katin na Binin da Togo da Gana, sannan ta ƙara da lambarta. Duk wannan a kan cinikin da bai taka kara ya karya ba. An buga takardu, na biya abin da ke rubuce, aka ba ni rasit.

Mun tashi ta Kaduna da Abuja da Lokoja, muka kwana a hanya, muka ratsa Legas zuwa Badagiri. A Seme, a ginin boda na haɗin gwiwa da aka buɗe a 2018, abin da aka fara tambaya bayan fasfo shi ne katin shawara da katin inshora. Na ga mutane a gefe suna ta waya suna gumi. Mu kam aka duba aka buga hatimi. Muka shiga Kwatano cikin 'yan acaɓa masu rawayen riguna, muka ga kasuwar Dantokpa, muka tsaya a Wida inda aka gina wata ƙofa a bakin ruwa a 1995 domin tunawa da bayin da aka loda a jirage daga nan. A wurin ne yara suka fara sa ƙafa a teku. Ƙaramar ta ɗanɗani ruwan ta tofar, ta ce wa ya zuba masa gishiri. Rigunan sanyin da muka taso da su daga Zariya sun koma ƙasan but, don can zufa ake yi dare da rana. Daga Hilakonji muka shiga Togo, inda agogo ke bayan namu da awa ɗaya, hanya kuma ta manne da gaɓa, ga bishiyoyin kwakwa ga jiragen ruwa sun yi layi suna jiran shiga tashar Lome.

A Lome ne abin da ake gudu ya faru. A wani shataletale cikin cunkoso motarmu da wata tasi suka gogi juna, fitilar tasin ta fashe, ƙofarta ta lotsa. Ba wanda ya ji ciwo, alhamdu lillahi. Amma nan da nan mutane suka taru, ana ta magana da Faransanci da wani yaren da ba na ji, direban yana nuna lambar Najeriya yana ɗaga murya, yara sun tsorata, maiɗakina tana ta salati. Ranar 26 ga Disamba ce, ranar hutu a Najeriya, ofishinku a rufe. Na kira lambar bayan ambulan ɗin ba don ina tsammanin za a ɗauka ba. Hajiya ta ɗauka. Ina jin hayaniyar gida a bayanta, da alama tana tsakiyar hidimar biki. Ta ce, “Malam, kowa lafiya? To kwantar da hankalinka.” Ta ce kada in ba kowa kuɗi a hannu, kada in sa hannu a takardar da ba a karanta mini ba, in ɗauki hoton motocin biyu kafin a matsar da su, in jira 'yan sanda su rubuta rahoto, in nuna musu katin. Ta ce ita za ta nemi ofishin katin na Lome. Allah Ya kawo wani Bahaushe ɗan Zangon Lome mai sayar da agogo, ya tsaya ya yi mana tafinta, shi ma Allah Ya saka masa. Da aka ga katin, aka kuma ga na gaske ne, sai murya ta sauka. Magana ta koma kan takarda. Hajiya ta sake kira da magariba, ta kuma kira da safe, sai da ta tabbatar mun kama hanyar Aflawo, bodar shiga Gana.

Na sha tunanin yadda ranar za ta kasance da waccan takardar ta bogi ce a hannuna, a ƙasar da ba na jin harshenta, da yara a bayan mota.

Sauran tafiyar ta yi daɗi. Muka haye gadar kogin Bolta a Sogakofe, muka isa Akra, dangi suka tarbe mu da koko da ƙosai kamar ba mu bar gida ba. Mun yi Juma'a a babban masallacin ƙasa da aka buɗe a 2021. Daga baya muka wuce Elmina, muka shiga ganuwar da Turawan Fotugal suka gina a 1482, wadda ta koma hannun 'yan Holan a 1637, sannan Ingila a 1872. Babban ɗana ya fito daga ɗakunan da aka tsare bayi bai ce uffan ba har muka isa masauki. Ya karanta labarin a makaranta, amma tsayawa cikin ɗakin wani abu ne daban.

Abin da ke damuna tun dawowarmu shi ne, me ya sa abin da kuka yi ya zama abin mamaki? An tarbi mutum, an faɗa masa gaskiya, an karɓi kuɗin da doka ta ce, an ɗauki waya. Ai haka ya kamata ko'ina ya kasance. Amma mun saba da akasin haka har mun ɗauka shi ne daidai. Ka je karɓar takardar da ke haƙƙinka, a ce ka kawo na goro. Ka je wurin biyan kuɗi ma, kai da ka kawo, sai ka yi layi a rana ma'aikaci yana hira. Tsakanin Badagiri da boda kaɗai shingayen da muka tsaya a kansu sun fi duk waɗanda muka gani daga Kwatano har Elmina, kuma mafi yawansu ba takarda suke son gani ba. Tun watan Fabrairun 2025 'yan sanda suka fara tilasta inshorar dole a kan hanya, amma masu buga ta bogi suna nan zaune a gindin bishiyoyinsu, talaka ya biya su, a kama shi a hanya ya sake biya. Direbobinmu nawa ne ke lodin albasa da citta da shanu zuwa kudu da ƙetare da irin wannan takarda ba su sani ba? Ba wanda ya zaunar da su ya yi musu bayani da harshen da suke ji.

Saboda haka ina da roƙo ga manaja. Bayanin da Hajiya ta rubuta mini a bayan ambulan, a buga shi da Hausa, da boko da ajami, a manna a ƙofar ofis da tashoshin mota na Sabon Gari da Kwangila da Samaru, tare da yadda mutum zai duba lambar motarsa da kansa a waya. Sannan a duba wa baiwar Allah nan, a ƙara mata girma. Ita ba ta san na rubuta wannan ba, na kuma san da an tambaye ta cewa za ta yi aikinta kawai ta yi.

Allah Ya saka muku da alheri, Ya albarkaci kasuwarku, Ya jiƙan iyayen da suka yi wa Hajiya tarbiyya.

Wassalam.

Naku,
Wani magidanci daga Tudun Wadan Zariya