Takardar Koke Ga Mai Girma Sarkin Hausawan Agege Kan Koya Wa Yaranmu Sauyin Yanayi da Tattalin Wuta

Zuwa ga Mai Girma Sarkin Hausawan Agege, Jihar Legas.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Ranka ya daɗe, mu iyayen yara da malaman Islamiyya na Zangon Agege da kewaye ne muka haɗa baki muka rubuto wannan koke. Muna roƙon a fara koya wa 'ya'yanmu abin da ake nufi da sauyin yanayi, da wutar sola, da tattalin wuta. A koya musu da Hausa, a kuma kai karatun inda suke taruwa kullum, wato makarantun Islamiyya da na allo, don kada ya tsaya ga 'ya'yan masu halin biyan makarantar kuɗi.

Da yawa daga cikinmu ba son ganin teku ya kawo mu Legas ba. Gona ce ta daina ciyar da gida, damina ta riƙa makara, hamada tana cin ƙasa a Yobe da Borno da Jigawa da Katsina da Sakkwato. Tafkin Chadi, wanda faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960, ya rasa kusan kashi 90 cikin 100 na ruwansa, masunta da makiyaya suka watse. A Satumbar 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri. A nan kuma, duk lokacin da kogin Ogun ya cika ya batse, 'yan'uwanmu na wajajen Mile 12 su ke kwashe kaya cikin dare. Yaro yana jin labarin fari daga bakin kakansa, yana tsallaka ruwa a kan hanyar makaranta, amma babu wanda ya zaunar da shi ya nuna masa abin da ya haɗa su.

Bayanin kuwa bai fi ƙarfin ɗan aji huɗu ba. Hayaƙin fetur da dizal da gawayi, da wanda ke tashi idan an ƙone daji ko bola, yana taruwa a sama ya riƙe zafin rana kamar yadda bargo ke riƙe ɗumin jiki. Zafi ya ƙaru, ruwan sama ya rikice, ƙanƙarar da ke can ƙuryar arewa da kudancin duniya ta narke, teku ya ɗaga, ga shi Legas a bakin teku take. Sai dai a gaya wa yara gaskiya duka: wata ambaliyar hannunmu ne ya jawo ta, domin ledar fiya wata da robar abinci su ke toshe kwata. Tun a Janairun 2024 gwamnatin jiha ta hana amfani da farar robar zuba abinci, har yau akwai gidajen da ba su san dalili ba.

Sai batun aljihu, wanda ya fi ci mana tuwo a ƙwarya. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, kunna janareta ya zama abin da maigida ke lissafi kafin ya yi. A Afrilun 2024 aka mayar da kuɗin wutar 'yan rukunin Band A, wato waɗanda aka fi ba wuta, naira 225 kowane yunit. A irin wannan hali, yaron da ya san tsohon ƙwan fitila mai wat 60 da ƙwan LED mai wat 9 kusan haske ɗaya suke bayarwa, ya kuma iya lissafa cewa a awa 10 na farkon ya ci wat-awa 600, na biyun 90 kacal, wannan yaro ya taimaki mahaifinsa. Zai kashe fanka idan ba kowa a ɗaki, zai zare caja idan waya ta cika. Zai kuma san ba a kunna janareta a cikin ɗaki ko soro a rufe ƙofa, domin hayaƙinsa na ɗauke da guba marar wari da ke kashe mutane cikin barci. Wannan darasi kaɗai ya isa dalilin koke.

Malamanmu ba za su ga baƙon abu a nan ba. Addini ya hana almubazzaranci ko da a ruwan alwala ne, ya kuma sa dashen bishiya cikin sadaka. Doka ma tana tare da mu: Dokar Sauyin Yanayi da aka sa wa hannu a 2021 ta tanadi a shigar da wannan ilimi cikin manhajar makarantu, kuma Najeriya ta yi alƙawarin daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda ake kawarwa daga sama nan da 2060. Yaran da ke riƙe da allo yau su ne dattawan shekarar 2060.

Don haka, ranka ya daɗe, muna roƙon Sarki ya tara shugabannin makarantun Islamiyya da na allo a fada, a ware awa ɗaya a mako domin wannan karatu. Muna roƙon fada ta rubuta wa Shugaban Ƙaramar Hukumar Agege da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, a taimaka da malaman kimiyya masu jin Hausa da 'yan takardu da boko da ajami. Kada a bar 'yan mata baya, su ne ke shaƙar hayaƙin gawayi a wurin girki.

Babban roƙonmu shi ne Sarki ya yi wa attajiranmu magana a sa wa makarantar dare ko da ɗaya ce wutar sola, a kuma yi aikin a gaban ɗalibai. Su ga yadda ake ɗora faifan a kan rufi, a haɗa shi da batir da inbata, a ba su aikin goge masa ƙura lokacin hunturu. Haɗa sola sana'a ce da ake ci da ita a garin nan, muna son samarinmu su koye ta tun da wuri.

A namu ɓangaren, mun ɗauki nauyin turo yara kan lokaci, da yin karo-karo don sayen alli da littattafai, da kula da duk kayan da aka sa. A shirye muke mu zo fada ranar da Sarki ya ga dama.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya, ya zaunar da Agege lafiya.

Mu ne talakawanka,
Iyayen yara da malaman Islamiyya na Zangon Agege.