Zuwa ga Bazazzagin Kalaba

Kano,
Daren Laraba.

Assalamu alaikum. Bawana, ya baƙunta, ya hidimar ƙasa? Ina fata ruwan saman Kalaba bai wanke ɗan wayon da ka tafi da shi ba, tunda dama Bazazzagi ba shi da na ajiya.

Na san ka yi fushi, kuma kana da gaskiya. Saƙonninka na murya guda bakwai suna nan. Biyar na saurara har ƙarshe, biyu kuwa kana tsakiyar zuba barci ya kwashe ni, sai farkawa na yi na ga waya a ƙirjina. Kafin ka ce raini ne, tsaya ka ji, don barcin nan shi ya zaunar da ni rubutun nan. Maganar akwatinka da ka ce in duba maka wajen Baba maigadi ma ina sane, zan zo kanta.

Ka tuna faɗuwar da na yi a bakin famfo muna aji uku, da kuka ce yunwa ce, Dogo ya ce garin kwaki ne ya fara karɓar bashinsa? To ba yunwa ba ce. Abin ya sake dawowa sau biyu a gida lokacin dogon hutu, ɗaya a gaban Hajiya. Ka san abin da ya biyo baya, rubutu, hayaƙi, ruƙiyya, har wata ƙawarta ta zo da labarin wai mutanen ɓoye na taka a makaranta. Kawu ne ya tsaya kai da fata ya ce a haɗa da asibiti. Aka manna mini wayoyi a ka kamar za a yi cajina, gwajin da suke kira EEG, aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, sannan likita ya faɗi kalmar da kowa a gidanmu yake kewayewa. Farfaɗiya ce. Kai ne na farko a wajen gida da na rubuta wa ita da hannuna.

Aka ɗora ni a kan carbamazepine, wanda a kemis aka fi sani da Tegretol. An fara da rabin ƙwaya safe da dare, ana ƙarawa a hankali har na kai biyu da safe biyu da dare, kowace miligiram 200. Faɗuwa ta tsaya cak, alhamdulillahi. Amma mutumina, ladan aikinsa da ya karɓa shi ne yinina gaba ɗaya.

Ba irin gyangyaɗin da muke yi a lakcar ƙarfe biyu bayan an loda shinkafa da wake ba ne. Wannan sai ka ji kamar an zuba maka jiƙaƙƙen yashi a cikin kai. In na sha da ƙarfe 7, zuwa 11 ko 12 allo ya zama biyu, malami ya zama biyu, alhali ɗayan ma da ƙyar ake jure shi. Littafina abin kallo ne, layi zai fara a miƙe, ya gangara ƙasa, ya ƙare da wani dogon zane inda biro ya zame. In na miƙe jiri, sai na dafa bango. Harshe ya yi nauyi, in buɗe baki zan amsa tambaya kalmar ta maƙale.

Yanzu kai ka faɗa mini tsakaninka da Allah. Saurayi a Kano, ido a lumshe, magana a jaye, yana tafiya yana layi, me za ka kira shi? Tun 2018 da aka hana maganin tari mai kodin bayan rahoton nan na BBC, kowa ya zama gwanin gane ɗan ƙwaya daga nesa. Wani malami, ba sai na kama suna ba, ka san mai cewa shi bai taɓa ba da A ba, ya tashe ni tsaye a gaban aji ya ce in na sha abina in riƙa zama a ɗaki. Aka kwashe da dariya. Limamin masallacin hostal ya ja ni gefe ya yi mini nasiha mai ratsa jiki a kan shaye-shaye, ina ta gyaɗa kai. Wanda ya fi ba ni dariya wani yaro ne ɗan aji ɗaya da ya biyo ni har bakin get, murya ƙasa-ƙasa, wai don Allah a ina nake samun nawa, da gani mai kyau ne.

Duk wannan ban buɗe baki na kare kaina ba. Na daɗe ina tambayar kaina dalili, kuma amsar ba ta yi mini daɗi ba. Na gwammace a ce mini ɗan ƙwaya da a ce mini mai farfaɗiya. Ɗan ƙwaya ana cin abinci kwano ɗaya da shi, ana yi masa addu'ar shiriya, in ya daina a ba shi mata. Mai farfaɗiya kuwa har yau akwai masu digiri da suka yarda yawunsa in ya taɓa ka ka kamu.

Af, kafin in manta, an sa ranar Dogo, bayan ƙaramar Salla. Kuma ba wadda ka sani ba ce, 'yar ƙanwar babarsa ce aka haɗa su, shi kuma gogan naka sai washe baki yake kamar shi ya nemo. Waccan ta goge shi daga ko'ina. An fitar da anko, kuma sunanka na cikin manyan abokan ango, saboda haka ka fara ware wani abu daga dubu 77 ɗin da gwamnati take ɓarnatarwa a kanka duk wata. Ustaz kuma ya buɗe shagon POS a unguwarsu, ya yi ƙiba har da tumbi, ka ce ba shi ne mai rancen kuɗin handawut ba.

To, ga wautar da na tafka. Ana saura kwana goma jarrabawa na ga ban riƙe komai ba, sai na yanke wa kaina hukunci, na ajiye na safe, na bar na dare kaɗai. Na koma kwanan aji irin namu na da, Nescafe da Fearless har asuba. Kwana uku na zama sabon mutum, karatu yana shiga kamar ruwa, har ina cewa ashe maganin ne ciwon. A na huɗu na farka a ƙasan siminti, harshe a tauna, riga a jiƙe, wani mai son taimako ya cusa mini cokali har ya ɓantare gefen haƙorina. Rabin 'yan ajin sun tsere waje suna leƙe ta taga. Wata ɗalibar koyon jinya ce ta kore cunkoson, ta cire cokalin, ta juyar da ni a kan gefena, ta sa jakarta a ƙarƙashin kaina tana duba agogo, ta ce in ya wuce minti 5 sai asibiti. Har yau ban san sunanta ba. Jarrabawar safiyar kuwa ta wuce ni, sai baɗi.

Na je wajen likita ina jiran faɗa, sai kawai ya ce, me ya hana ka dawo ka ce mini barci yana damunka? Na rasa amsa. Ni a zatona kasalar ita ce kuɗin lafiyar, mutum ya biya ya yi shiru. Ya ce tsallake magani da rashin barci suna kan gaba cikin abubuwan da ke tayar da ciwon, ni kuma na haɗa su biyun na ɗora maganin ƙarfi a kai. Ya yi mini bayanin da tun farko ya kamata in nema. Wai hanta takan ɗauki mako 3 zuwa 4 kafin ta koyi sarrafa wannan maganin da sauri, shi ya sa farkon farawa da duk lokacin da aka ƙara yawansa barci ya fi tsanani, kuma ƙwayar da nake sha ƙarfinta yana kai ƙololuwa a jini 'yan awanni bayan an haɗiye ta, wato daidai lakcar sha biyu. Ya sa aka ɗebi jini. Ashe maganin yana rage gishirin jiki, wanda ya kamata ya tsaya tsakanin 135 da 145, nawa ya ɗan sauka ƙasa. Ni kuma ina ta ɗirkar fiya wata leda bayan leda wai ina wanke kasala, ashe ƙara tsinka shi nake. Ya canza mini zuwa mai narkewa a hankali, mai CR a jikin kwalin, ya mayar da kaso mafi yawa dare.

Ba zan ce maka na dawo kamar da ba. Amma allo ya koma ɗaya.

Yanzu rayuwata ta zama ta tsofaffi. Daga sallar asuba zuwa ƙarfe 9 kaina yake garau, nan nake tura duk abin da ke buƙatar lissafi da aikin furojek. A aji ina zama layin gaba kusa da taga, ni da na shekara uku ina rainon bencin baya tare da kai, kuma ina naɗar lakca a waya don in cike inda biro ya zame. Bayan azahar ƙailula a masallaci, minti 20 zuwa 30 da ƙararrawar waya, in na zarce haka sai in tashi kamar an yi mini duka. Shayi kofi ɗaya da safe, ɓarin goro in abin ya matsa, daga la'asar kuma ba na taɓa ko ɗaya don kada su ci mini barcin dare. Ƙarfe 10 ina kan katifa. Wasan zakarun Turai na ƙarfe 9 sai dai in ji labari da safe. Kai wannan bai shafe ka ba, tunda Manchester United ɗinku ta 15 ta ƙare a kakar 2024/25, ko ƙofar gasar ba ku gani ba.

Sai kuma hunturun nan ya koya mini wani karatun. Mura ta kama ni, na sayi Piriton na kora, na kwanta bayan Juma'a, sai kiran isha'i na ji. Da na koma kemis na faɗi abin da nake sha, mutumin ya riƙe baki. Ya ce barci kan barci na haɗa, kuma in kiyayi erythromycin, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, don yana sa nawa maganin ya taru a jini, tiramol kuwa ko mai lafiya yana iya kayarwa. Yanzu akwai 'yar takarda a aljihuna mai sunan maganin da lambar Kawu. Babur ɗina ma Kawun ya kulle shi a shago, na koma ɗan adaidaita, kuɗin mota yana cin na abinci.

Tun faɗuwar nan asiri ya tonu, kuma ban mutu ba. Akwai waɗanda suka matsa daga bencina, na gan su. Malamin nan ya kira ni ofis ya yi ta kame-kame, ban haƙuri dai bai fito ba, amma ya ce in ina da matsala in same shi. Abin da ban zata ba, mutum uku suka same ni a ɓoye, wannan ƙanwarsa, wancan yayansa, ɗaya kuma shi kansa, shekara shida yana sha ba wanda ya sani. Likita ya ce mutum wajen miliyan 50 ne a duniya. Na ce to ina suka shiga ni kaɗai nake gyangyaɗi?

Saura mutuniyar. Labarin ƙwaya ya riga ya kai mata ta bakin ƙawayenta, ta yi mini fushin mako biyu, na ce sharri ne, na tsaya a nan. Na biyun ban san ko ya isa ba, tana dai yi mini wani irin kallo. So nake ta ji daga bakina, amma duk ranar da na shirya sai in je in ɓige da labarin furojek. In na faɗa mata, sai ta faɗa wa mamarta, daga nan kuma ka san sauran. Kai da ka iya tsara zance, har ka shawo kan 'yar Kanawa da bakin Zage-zagi, ta ina zan fara? Da gaske nake, ka ba ni amsa, kuma a rubuce, kada ka turo murya.

Ga azumi ya matso. Likita ya ce in zo kafin a ga wata mu zauna, tunda sau biyu nake sha zai iya yiwuwa a daidaita da sahur da buɗa-baki, amma barcin da ake yankawa ne abin dubawa, kuma in ya ce a'a to a'a ce. Hajiya ta riga ta yanke nata hukuncin, ta ce ba ni ba tahajjud bana.

Goma saura minti goma, na sha na dare, layin nan ma ya fara gangarawa. In ka shiga Bogobiri, unguwar Hausawan Kalaba, cin tsire ka gaishe da mutanenmu, ka kuma daina cika musu baki cewa kai Bakano ne, za su gane ka daga gaisuwa. Akwai wani abu da ka ce in duba maka, wallahi ya shige mini, ka tuna mini.

Naka,
Ubangidanka na Kano.