Wake ba ya buɗe wa kowane baƙo ƙofa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka domin gyara wata magana da ta yaɗu tsakanin manoma, daga Mirya har Magarya: wai da an shuka wake, gona ta samu taki a kyauta. Akwai gaskiya a ciki, amma da sharaɗi, kuma rashin sanin sharaɗin yana jawo wa mutanenmu asara.

Kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa azot ne, wato sinadarin da manomi ke saye a buhun yuriya. Wake ba ya iya ɗaukarsa daga iska da kansa. Wasu ƙwayoyin halitta ne na cikin ƙasa, rizobiya, suke yi masa aikin, kuma sai sun shiga cikin saiwa tukuna. Shigar kuwa sai da sallama.

Saiwa ce ke fara kira. Tana fitar da sinadaran fulabonoyid. Idan sun dace da ƙwayar da ke kusa, sai ta amsa da nata sinadarin, mai suna Nod. A 1990 masu bincike a Tuluz ta Faransa suka gano siffarsa: ƴar sarƙa ce ta sukari, galibi ɗiya 4 ko 5, da jelar mai a gefe guda, da ƴan ƙare-ƙare da suka bambanta daga wannan ƙwaya zuwa waccan. Ƙare-ƙaren nan su ne shaidar baƙo. A fatar gashin saiwa akwai furotin biyu masu gadin zaure, NFR1 da NFR5, waɗanda aka gano a Jami'ar Arhus ta Danmak a 2003. Kowannensu yana da sassa uku a waje, ana ce musu LysM, a nan sinadarin ke maƙalewa. NFR5 ba ya iya isar da saƙo shi kaɗai, sai ya haɗu da NFR1. Da sun haɗu, cikin kamar minti 10 sinadarin kalsiyam ya fara hawa da sauka a cikin ƙwayar gashin, gashin ya lanƙwashe kamar ƙugiya ya rufe baƙon, wani siririn bututu ya kai shi ciki, ƙululu ya fara fitowa a saiwar, inda ƙwayoyin za su zauna su riƙa samar wa wake azot.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne, sarƙar sukarin nan kusan iri ɗaya ce da ta jikin naman gwari mai sa wa shuka cuta, wadda tsiro ke ji ya ɗaura yaƙi. A 2020 masu binciken Arhus suka nuna cewa wasu ƴan gurabe biyu a sashen LysM na farko su ne ke raba mai gadin da ke jin aboki da wanda ke jin maƙiyi.

To, ina ruwan manomin Damagaram? Wake ba shi da tsani sosai, yana karɓar ƙwayoyi iri-iri da ke cikin ƙasarmu. Waken suya kuwa mai zaɓe ne: a gonar da ba a taɓa shuka shi ba, sau da yawa babu ƙwayar da zai amsa wa, ganye ya yi ta rawaya. Shi ya sa ake shafa wa irinsa garin rizobiya, giram 5 zuwa 10 ga kilo guda, gwargwadon abin da aka rubuta a leda. A ɗan jiƙa irin da ruwan ƙaro ko na sukari, a barbaɗa garin, a gauraya, a shanya a inuwa, a shuka ranar cikin ƙasa mai laima. Garin mai rai ne. Ledar da ta wuni a rana a kasuwa ta mutu. Kuma a duba na wace shuka ne kafin a biya kuɗi.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne zuba wa wake yuriya kamar hatsi. Idan saiwa ta ji azot ya wadata, sai ta rufe ƙofa, kuɗin takin ya tafi a ganye. Abin da jigawarmu ta rasa, wanda ƙululun ke matuƙar buƙata, fosfor ne.

Idan wake ya fara fure, a tono gindi uku ko huɗu da hauya, kada a fizge, don ƙululun na tsinkewa. A wanke saiwar, a tsaga ƙululu da reza. Ja-ja kamar nama, yana aiki. Fari bai fara ba ko ba shi da amfani. Kore ya tsufa. Na gaskiya yana ɓallewa da farce. Wanda saiwar ce da kanta ta kumbura, ya ƙi ɓallewa, wannan tsutsar ƙasa ce, kuma gonar na buƙatar a sauya mata shuka baɗi.

Wassalam.

Wasu malaman gona,
Damagaram