Ga Bashinka na Shekara 50

Kano, daren Alhamis.

Aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Hajiya da yara da jikoki. Ya ƙafar taka? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai hunturu da ya sauko da ƙarfinsa, da safe ko Dala ba a hangowa saboda hazo.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga hannuna, alhali ko makon jiya mun yi waya. Ƙunshin nan da ke tare da ita ne dalili. Ka buɗe shi tukuna, sannan ka dawo ga karatu. Harmonika ce, 'yar ƙaramar abar busar nan mai jerin ƙofofi da ake sawa a baki. Bashinka ne na biya.

Ban sani ba ko kana tune, ni dai ban taɓa mantawa ba. A 1974 ne kawunka na reluwe ya zo hutu daga Ikko da ita a aljihu. Yakan zauna a dakalin ƙofar gidanku a Fagge, ya rufe ta da tafukan hannunsa ya yi mana jirgin ƙasa: yadda yake tashi daga tasha da ƙyar, ya ɗauki gudu, ya yi kuka, har ya ɓace. Da zai koma ya bar maka ita. Na yi ta maka naci har ka ba ni aron kwana ɗaya. Bayan magariba ina zaure ina busawa Baba ya shigo. Bai doke ni ba, bai ɗaga murya ba. Hannu kawai ya miƙo, ya ce, "Mu ba makaɗa ba ne." Ban ƙara ganinta ba. Washegari na faɗa maka ina rawar baki, ka ce ba komai, kuma daga ranar har yau ba ka taɓa tayar da zancen ba. Shirun nan naka ya fi min nauyi a kan da ka zage ni.

Ba na ganin laifin Baba, Allah ya jiƙansa da rahama. A Kanon da ya tashi, sana'a gado ce. Ɗan marini yana bakin karofin Ƙofar Mata, ɗan maƙeri yana gindin zuga-zugi, mai algaita da mai kakaki suna ƙofar fada, kowa da gidan da ya fito. Mu gidan fatauci ne da allo. Abin da ya sani ya kare, kuma da niyyar alheri ya yi.

Na ajiye aiki a 2022, ka sani. Shekarar farko ta tafi a zirga-zirgar takardun fansho da zuwa ɗaurin aure da jana'iza. Daga nan sai yini ya fara yi min tsawo. In dawo daga asuba, in yi karatu, in saurari rediyo, in duba agogo, ƙarfe 9 ba ta yi ba. Ranar nan da ka ce min a waya tun da ƙafa ta zaunar da kai yini ba ya ƙarewa, na ji maganar har cikin ƙashina, don na san wurin da kake.

Bara da damina na shiga Sabon Gari sayen ƙwan fitila, na bi ta gaban wani shago na kayan kiɗa, irin waɗanda masu coci ke saye. Sai na hango ta a cikin gilashi. Na wuce, na kai bakin titi, na dawo. Shekara 62 gare ni a lokacin, amma gabana faɗuwa yake kamar Baba na bayana. Na saya, na sa a aljihun 'yar ciki.

Wadda na fara saye ba ita ta dace da mai koyo ba, kuma saboda haka ne na zaɓar maka da kaina. Doguwa ce mai ƙofofi 24 jeri biyu, muryarta na rawa, ana samun irinta ko'ina da araha. Jikana ya buɗe min darussa a YouTube, duk abin da mai koyarwar ya busa, nawa daban yake fita. Sai daga baya muka gane cewa kusan duk darussan a kan ƙarama mai ƙofa 10 aka gina su, wadda aka buga wa harafin C a gefe. Ita ce a hannunka yanzu. Ƙirar Hohner ce, kamfanin Jamus da wani mai haɗa agogo, Matthias Hohner, ya kafa a garin Trossingen a 1857. Suna da wata tsohuwar ƙira, Marine Band, da suke yi tun 1896, mai katako a tsakiya, kuma ina kyautata zaton irinta ce ta kawu, don ina tune da ɗanɗanon itace a bakina. Amma katako na shan yawu ya kumbura, ga ku kuma a Agege da laima shekara da shekaru. Shi ya sa na sa yaro ya yi maka odar Special 20, mai roba a tsakiya. Tawa ma ita ce.

Bari in faɗa maka yadda cikinta yake, don ni sai da na kwance ta na natsu da ita. Kowace ƙofa tana da 'yan siraran harsuna biyu na tagulla, 20 ke nan gaba ɗaya. Ɗaya yana kaɗawa idan ka busa, ɗayan idan ka zuƙa. Nan ta bambanta da duk abin busar da muka tashi muka gani. Sarewa, algaita, kakaki, duk fitar da iska ake yi. Ka tuna masu algaita ranar Hawan Daushe, kumatu kamar za su fashe, suna jan numfashi ta hanci ba tare da sautin ya yanke ba? Da wannan hoton a kaina na fara, na yi ta dannawa da ƙarfi, sai jiri da ƙara mara daɗi. Ita ba ta son ƙarfi sam. Numfashi take so, irin hucin da kake yi wa tabarau in za ka goge shi, daga ciki can ƙasa, kafaɗu a sake. Kana shaƙa tana magana, kana fitarwa tana magana. Ranar da na gane haka na daɗe a zaune da ita a hannu. Shekara 60 da ɗoriya ina numfashi, ban taɓa sauraronsa ba sai ranar.

Ka riƙe ta da hagu, lambobin suna sama, 1 a ɓangaren hagu. Kada ka damu da waƙa a makon farko. Ka sa bakinka a kan ƙofa 1 zuwa 3, ka zuƙa sau biyu, ka busa sau biyu, a hankali, sannan ka riƙa ƙara sauri. Jirgin kawu ke nan. Wallahi ranar da ya fito daga bakina sai da na ajiye ta na share ido.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne fitar da sauti ɗaya tak, ba tare da maƙwabtansa sun biyo shi ba. Sati 3 na yi a kansa. Sirrin shi ne ka tura ta cikin baki sosai, leɓe a sake kamar mai shan fura a bakin ludayi, kada ka tsuke su kamar mai fito. Idan ya samu, do-re-mi ɗinmu ta firamare tana tsakanin 4 da 7: busa 4, zuƙi 4, busa 5, zuƙi 5, busa 6, zuƙi 6. A ƙofa ta 7 tsarin yake juyawa, zuƙa ake farawa sannan a busa. Har yanzu nakan yi tuntuɓe a nan in hankalina ya tafi wani wuri. Kuma in ka zuƙi 2 ka ji ta shaƙe kamar mai mura, ba lalacewa ta yi ba, kusan duk mai koyo haka take yi masa. Ka saki muƙamuƙi, ka buɗe maƙogwaro kamar mai hamma, za ta buɗe.

Sai maganar goro. Na san ka da shi, kai ma ka san ni. Ɗan ɓarɓashi ɗaya in ya shiga, harshen ya tsaya cak. Tawa ta yi shiru a ƙofa ta 5 kwana 2, sai da na kwance murfin na zare shi da tsinken sakace, a hankali don kada tagullar ta lanƙwashe. Ka kuskure baki kafin ka ɗauke ta, in ka gama ka bubbuga ta a tafin hannu, ka bari ta sha iska kafin ka mayar da ita gidanta. Kada ka bai wa jikoki su yi ta zagayawa da ita baki-baki, ka saya musu mai arahar. Mu nan hunturu na fasa leɓe, nakan shafa man kaɗanya da dare, in goge kafin in busa don ƙura na manne masa. Kai ba ka da wannan matsalar.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubutun nan, duk na baya share fage ne.

Darussan waya waƙoƙin Turawa suke koyarwa, na bi su wata 2 ba su shiga raina ba. Wata rana bayan la'asar na kashe wayar, na ce bari in lalubi abin da ke kaina. Sai na lura in na tsallake zuƙar 5 da zuƙar 7, abin da ya rage, sautuka biyar, duk inda na taka sai in ji kamar gida. Ashe yawancin waƙoƙinmu na gargajiya a kan biyar ɗin nan suke tafiya, na gaɗa, na daɓe, na raino. Ina cikin lalube sai ga wata murya ta fara haɗuwa, gaɓa bayan gaɓa. Waƙar da Inna take yi a bakin dutsen niƙa ce. Kalmominta sun ɓace min tun tuni, amma hawa da saukar muryar na nan a ajiye ban sani ba. Ka san Hausa da karin sauti, kalangu ma magana yake yi. Haka na ji abin nan yana neman furta kalmomin da ni na kasa tunawa.

Kwana 10 ina gyara ta. Ranar da Yaya ta zo daga Gwale duba mu, ban ce mata komai ba, na shiga ɗaki na busa. Uwargida ta ce min Yaya tana cikin magana ta tsaya, ta ajiye kofi. Da na fito na tarar tana rera ta, baiti 3 cif, da muryar mai shekara 70 da wani abu, hawaye na bin fuskarta. Jikata ta ɗauka a waya, yanzu yaran gidan duk sun iya. Inna ta rasu shekara 31 ke nan, ga muryarta ta dawo tsakar gida.

Ba zan ɓoye maka ba, ba kowa ya ji daɗi ba. A majalisarmu wani ya ce, "Alhaji, bayan furfura?" Wani ya kare ni da cewa gemu ba ya hana ilimi, na farkon ya ce wannan ai ba ilimi ba ne. Ban yi musu da shi ba, mutumin kirki ne, kuma maganar Baba ce ya maimaita. Na kuma san malamai sun yi saɓani a kan kayan kiɗa da busa, wasu sun tsananta, wasu sun sassauta, ba na raina kowane ɓangare. Ni dai na yi wa kaina iyaka. Ba na busawa a ƙofar gida, ba na yi in an kusa kiran salla, da azumi na ajiye ta gaba ɗaya, kuma ba ta taɓa cin lokacin karatuna ba. Minti 15 ne bayan la'asar, wani lokaci da dare in an ɗauke wuta unguwa ta yi tsit kafin janareto su tashi. In zuciyarka ba ta kwanta da ita ba, ka ajiye ta a akwati, bashi dai na biya, ba kuma zan ji haushi ba.

Akwai abin da har yanzu ya gagare ni. Ana iya lanƙwasa sautin zuƙar 4 da harshe da maƙogwaro, ya sauko ƙasa kaɗan ya koma, kamar yadda mai goge yake jan tsirkiya ta yi kuka. Da shi kawu yake yin kukan jirgin. Wata 5 ina nema, sau biyu ya zo min ya gudu. Yatsu da kunne ba sa kamawa da sauri irin na yaro, abin da jikana ya ɗauka a yini ni sai na yi sati. Amma ni ina da abin da ba shi da shi, lokaci, da waƙoƙin da suka shekara 50 suna jira. Kai naka sun fi nawa yawa, don kai ne mai kunne a cikinmu tun muna yara.

Na ba wa ɗan ƙanwata saƙon, zai hau motar dare daga Sabon Gari ranar Asabar, in sha Allahu Lahadi yana wurinka. Akwai kilishi da dakakken yaji na Hajiya daga uwargida. In jirgin ya tashi, ko da ƙyar yake tafiya, ka ɗauka ka turo min ta WhatsApp, ina son in ji. In kuma Allah ya kai mu babbar salla ƙafa ta yi sauƙi ka zo, ka taho da ita, mu je Fagge. An rushe gidanku an yi shaguna, amma dakalin maƙwabta yana nan, na duba.

Ka gaida Hajiya da yara, ka shafa min kan jikoki. Allah ya ba ka lafiya, ya jiƙan kawu da iyayenmu baki ɗaya.

Wassalam,
Amininka na Fagge.