Steve Ditko Ba Yaron Kowa Ba Ne

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili in faɗi abin da ya tsaya mini a rai tun ranar Juma'ar da ta gabata, domin na yi ƙoƙarin haɗiye shi ya ƙi haɗiyuwa.

Steve Ditko, mai zanen labaran jarumi Spider-Man, ya shafe shekara 65 yana zane, ya mutu yana da shekara 90, kuka ba shi sakin layi uku a ƙasan shafi. Ban yi ƙorafi a kan wannan ba, na san fili yana da wuya a jarida. Abin da ya ɓata mini rai shi ne hoton da kuka ɗora a kan labarin na Stan Lee ne, marubucin labaran Spider-Man, wanda yake raye lokacin da Ditko ya rasu a 2018, sannan marubucinku ya gabatar da Steve Ditko a matsayin ɗaya daga cikin masu taimaka wa Lee da zane. Mai taimako! Wato ko a labarin mutuwarsa ma sai da aka ture shi gefe aka zaunar da wani a kujerarsa.

Ina ɗan shekara goma sha ɗaya yayana ya ba ni wani tsohon littafin labarin zane wanda bangonsa ya riga ya yage, takardunsa sun yi ja saboda daɗewa. A lokacin Turancina bai wuce na gaisuwa ba, saboda haka duk maganganun da aka rubuta a saman kawunan mutanen cikinsa ban fahimci ko rabinsu ba. Amma labarin bai ɓace mini ba ko kaɗan. Na ga Spider-Man kwance rub da ciki, wani ƙaton ƙarfe ya danne masa baya, ruwa yana ɗiga daga rufi yana ƙaruwa, ga wani ɗan gwangwani can gabansa hannunsa bai kai ba. Na ga yadda aka raba shafin farko gida-gida ƙanana, kamar shi kansa shafin ya matse shi, sannan da ya fara yunƙuri gidajen suka riƙa raguwa suna faɗaɗa, har aka kai inda ya miƙe da ƙarfen a kafaɗa, hoto ɗaya ya cinye shafi sukutum. Na tuna na riƙe numfashina har na juya wannan shafi. Sai bayan shekaru na san cewa fitowa ta 33 ce a jerin littattafan Spider-Man, ta shekarar 1966, kuma abin da ke cikin gwangwanin magani ne na matar baffansa wadda ta raine shi, tana kwance rai a hannun Allah. To, Malam Edita, wa ya ba ni labarin nan? Wanda ya rubuta kalmomin da ban iya karantawa ba, ko wanda ya zana abin da ya hana ni barci?

Da marubucinku ya ɗan bincika, da ya san yadda ake aiki a kamfanin Marvel a wancan zamani. Lee yakan ba mai zane ƙashin labari a taƙaice, mai zane ya je ya tsara komai shafi bayan shafi, wa zai shigo, wa zai faɗi, ina za a tsaya, sannan a dawo wa Lee da shafukan ya cika maganganu. Game da Spider-Man ma, wani mai zane Jack Kirby aka fara ba aikin, abin da ya zana bai kwanta wa Lee ba, aka miƙa wa Ditko. Shi ya fito da rigar nan mai saƙar gizo-gizo, shi ya rufe fuskar ruf yadda ba a ganin ko haɓa, shi ya zana Peter Parker, wato Spider-Man in ya cire rigar, siririn ɗalibi mai tabarau wanda ba ya kama da jarumi ta kowace fuska. Haka aka fito da shi a 1962. Daga 1965 kamfanin da kansa ya fara buga sunan Ditko a matsayin mai tsara labarin, kuma a ƙarshen zamansa can shi da Lee ko magana ba sa yi, sai dai ya kawo shafukan da ya gama ya ajiye ya tafi. Yaya mutum zai zama mai taimakon wanda ba ya ko magana da shi? Doctor Strange, wani jarumin da Ditko ya zana, da ya fito a 1963 kuwa, da waɗannan duniyoyi nasa masu ban al'ajabi da babu sama babu ƙasa, ko sunansa ba ku ambata ba.

Ba na ƙin Stan Lee, kada a ɗauka haka. Barkwancin da ke bakin Spider-Man nasa ne, kuma ya iya talla fiye da kowa a sana'ar. Shi da kansa ya rubuta wasiƙa a 1999 yana cewa ya ɗauki Ditko a matsayin abokin ƙirƙirar wannan jarumi, Ditko kuwa ya ƙi yarda da kalmar ɗauka ɗin nan, domin a ganinsa abin da ya tabbata ba ya bukatar wani ya ɗauke shi haka. Ina ganin gaskiyarsa. Fim ɗin Spider-Man na 2002 ma sunayen mutum biyu ya rubuta. Ku ne kaɗai kuka rage masa matsayin da masu kuɗin kansu ba su iya hana shi ba.

Zan faɗa maka dalilin da ya sa abin ya yi mini zafi haka. Littafin nan marar bango shi ya mai da ni mai zane. Na kwafi hannayen da Ditko ke zanawa, masu yatsu a lanƙwashe kamar suna magana, har fensirina ya ƙare na koma gawayi. Daga baya na shekara talatin ina yi wa littattafan yara hotuna. Akwai wani littafi da na yi wa hoto 46 cikin wata huɗu, da fensir da tawada da buroshi, har idona na dama ya fara ganin abu biyu-biyu. Marubucin layi ɗaya ya ba ni a wani shafi, cewa yaro ya ji tsoro. Ni na yanke shawarar abin da ya tsorata shi, da inda ya ɓuya, da yadda inuwar ta faɗo a kan bango. Da littafin ya fito na juya shi gaba da baya ina neman sunana, ban gani ba. Ranar ƙaddamarwa na zauna a layin ƙarshe, ina ji ana yaba wa marubucin saboda kyawun hotuna, shi kuma yana murmushi yana godiya. 'Yata ƙarama da na tafi da ita ta ja mini riga ta ce, "Baba, ba kai ka zana ba?" Ban sami abin ce mata ba. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi, haka sana'ar take, mun saba. Amma zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa, kuma a wannan karo jaridarku ce maratayin.

Na san za a ce ba a samu hotonsa ba ne, tunda mutum ne da ya guje wa 'yan jarida shekaru aru-aru, har ma da BBC ta yi shiri a kansa a 2007 aka bi shi ofishinsa a New York ya ƙi yarda a ɗauke shi. Wannan ba hujja ba ce. Mutumin da ya bar Spider-Man a 1966 bayan fitowa ta 38, lokacin da kasuwarsa ke ci, ya koma ƙananan kamfanoni, ya ci gaba da buga nasa labaran har ƙarshen ransa, ya riga ya nuna cewa aikinsa yake so a duba. Da kun buga zane ɗaya daga cikin dubban da ya bari, ya wadatar. Asalin shafukan labarin farko na 1962 ma suna ajiye a ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka tun 2008, kuma duk wanda ya dube su hannun Ditko zai gani.

 

Abin da nake nema shi ne ku buga gyara a fitowa ta gaba, a shafin da kuka yi kuskuren, ku rubuta cewa Stan Lee da Steve Ditko ne suka ƙirƙiri Spider-Man, kuma a sa zanen Ditko a kai da sunansa a ƙasa. Zan sayi jaridar ranar Juma'a in duba.

Naku,
Wani tsohon mai zane, mai karanta jaridarku kullum