Yaron da ya ci burodin gawa

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan an wuni lafiya.

Na karanta sharhin da kuka buga a filin adabi kan labaran Yahudawan da suka tsira daga hannun 'yan Nazi, inda mai sharhin yake cewa wai abin da littattafan ke nunawa shi ne zuciyar kirki ba ta lalacewa ko a wuta aka sa ta. Allah ya huci zuciyarsa amma gaskiya ni ban ga haka ba.

Ya duba littafin Imre Kertész ɗan ƙasar Hungari, wanda ya fito a 1975, marubucin ne ma aka ba kyautar Nobel a 2002. Shi kansa yana ɗan shekara 14 aka kwashe shi zuwa Auschwitz, sansanin gwale-gwale na 'yan Nazi, a 1944, shekarar da aka loda Yahudawan Hungari sama da 400,000 a jiragen ƙasa. Yaron cikin labarin, Gyuri, yaro ne mai ladabi, irin wanda ko an taka shi shi zai ba da haƙuri. To yana kwance rai a hannun Allah a asibitin sansanin gwale-gwale, gado ɗaya da wani yaro, sai ɗan uwan kwanciyar tasa ya cika. Gyuri ya yi gum da bakinsa, in an zo rabon abinci ya miƙa kwanon mamacin, ya cinye burodinsa da miyarsa, haka ya riƙa kwana da gawa a gefensa har sai da abin ya gagara ɓoyuwa. Wallahi a nan na ajiye littafin na fita waje shan iska, kuma abin da ya fi damuna ko a jikin yaron, yadda yake faɗa kamar labarin cefane.

Ni ban kira shi mugu ba fa, yunwar da aka ƙaƙaba masa da gangan ce ta mai da shi haka, laifin na waɗanda suka gina sansanin ne. Amma kar a ce ya fito yadda ya shiga. Da ya koma Budapest, babban birnin Hungari, wani ɗan jarida ya tambaye shi me yake ji, ya ce ƙiyayya yake ji, ta kowa ma.

Don Allah a ba mai sharhin wannan wasiƙa, ina so in ji me zai ce kan kwanon nan.

Naku,
Mai karatu daga Zariya