Ba rashin malami ne ya kore ni daga aji ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, shirinku na rediyo kan yaƙi da jahilci na ranar 8 ga Satumba ne ya sa na ɗauki alƙalami. Na saurare shi daga farko har ƙarshe, kuma wallahi raina ya ɓaci. Sau uku mai gabatarwa yana tambayar baƙonku abin da mutum zai yi ya taimaka, sau uku yana ba da amsa guda: wanda ya iya karatu ya nemi wanda bai iya ba ya koya masa. Shi ke nan? To wanda ba shi da baiwar koyarwa fa, ko wanda shi kansa bai iya ba, sai ya naɗe hannu ya zuba ido? Abin da kuka gaya wa mutane ke nan, ko kun sani ko ba ku sani ba.

Ni kafinta ne. Ina da shekara 42 na fara haɗa baƙi. Sau biyu ina shiga ajin manya ina gudu, sai a na uku na tsaya, kuma a dukkan ukun akwai malami, malamin kirki ma kuwa mai haƙuri. Ba a taɓa rasa mai riƙe alli ba.

Na farko, lokaci ne ya kore ni. Ana shiga aji ƙarfe huɗu, maigidana a wurin aiki ba ya sallamar kowa sai shida. Na roƙe shi awa ɗaya kacal, sau biyu a mako, ya ce in zaɓa, ko aji ko aiki. Mai iyali me zai zaɓa? Da a ce mutumin nan ya ce "je ka", da ya yi yaƙi da jahilcin da ya fi na malami goma, ba tare da ya koya wa kowa ko harafi ɗaya ba. Ban ji baƙonku ya ce uffan ga masu ɗaukar ma'aikata ba.

Na biyun shi ne har yau idan na tuna nake jin zafi a ƙirjina. Ajin dare ne. Malam ya rubuta a allo, ina gani sarai. Da na sunkuya kan littafi sai baƙaƙen su cakuɗe, b ta koma d, layi ya hau kan layi, kaina ya ɗauki ciwo. Malam ya maimaita, ya sake maimaitawa, har na fara jin kunyarsa. Na yanke wa kaina hukunci cewa ƙwaƙwalwata ce ta tsufa, icen da ya bushe ba ya tanƙwaruwa. Na daina zuwa ban ko yi sallama ba. Aka yi kusan shekara guda. Wata rana wani dattijo ya kawo mini gyaran ƙofa, ya tsaya yana kallona ina awo. Ya ga na miƙe hannu iya tsawonsa, na nisanta tef ɗin daga fuskata, ina ƙanƙance ido. Ya ce, "Malam, yaushe rabonka da a duba maka ido?" Na ce ai ni idona garau yake, ina hango mutum tun daga nesa. Ya cire tabaransa ya ce in gwada. Edita, da na sa, sai na ga ƙananan layukan nan da ke tsakanin inci da inci sun tsaya ɗaya bayan ɗaya, layukan da na daɗe ina ƙiyasta su da ka. Na rasa abin cewa. Washegari shi da kansa ya raka ni aka auna idona.

Daga baya na karanta cewa abin ba nawa ba ne ni kaɗai. Idan mutum ya haura shekara arba'in, madubin da ke cikin ido yana fara taurarewa, ganin kusa ya yi rauni ko da ganin nesa lafiya lau yake. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019 kan gani ya nuna mutum sama da miliyan 800 ne ke fama da wannan ba tare da tabarau ba. Yanzu ka duba su wa ke cika ajin manya, in ba 'yan arba'in da hamsin ba. Mutum nawa ne suka koma gida suna zargin kansu da daƙiƙanci alhali gilashi biyu ne kawai ya raba su da karatu? Ko ƙasar Kuba, da ake ta ba da misali da gangaminta na yaƙi da jahilci na 1961, ba malamai kaɗai ta tura ƙauyuka ba. Ta haɗa su da fitilu saboda karatun dare, aka kuma auna idon mutane aka raba tabarau. Baƙonku ya yi ta maganar sa kai, bai ambaci ido ko fitila ba ko sau ɗaya.

Ya faɗi alƙaluman UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, cewa manya sama da miliyan 700 ne a duniya ba su iya karatu da rubutu ba, kusan kashi biyu cikin uku mata. Gaskiya ne. Amma bai tsaya ya tambayi abin da ke hana matan zama a aji ba. Ni na gani da idona. A ajinmu na uku akwai wata baiwar Allah da ke zuwa da yara biyu, ɗaya a hannu ɗaya na jan zaninta. Ba ta taɓa gama layi ɗaya ba tare da ta miƙe ba. Har ta fara ɗauke ƙafa, sai wata tsohuwa da ke maƙwabtaka da wurin ta fara zama a bakin ƙofa tana karɓar yaran duk matan ajin har a tashi. Tsohuwar nan ba ta san ko harafi ɗaya ba, har ta koma ga Allah ba ta sani ba. Mata shida suka gama saboda ita. A lissafin baƙonku ba ta taimaka da komai ba.

Sai kuma kalmar nan da ya yi ta jifanmu da ita, jahilai, jahilai. Kafin in iya rubuta sunana ina duban ɗaki in faɗa maka katako nawa rufinsa zai ci, kuma ba na kuskure. Kunya ita ce babbar katangar, ba wuyar karatu ba. Shekara ashirin ina cewa "hannuna da datti, karanta mini", ina ba ɗan cikina saƙon waya ya karanta mini sirrina. Ranar da na fara zuwa aji wani ya hango ni da littafi ya ɗaga murya ya ce, "A'a, yau kuma ɗan firamare muka samu?" Aka yi dariya. Saura kaɗan in juya. Kame baki ma taimako ne. Ma'aikacin da zai ga ka tsaya riƙe da fom kana jujjuya shi, ya rage murya ya ce "kawo mu cika tare", shi ma taimako ne. Wanda ke rubuta sanarwa ko umarnin shan magani, ya yi shi da manyan baƙaƙe da gajerun jimloli, ya taimaki dubban da bai taɓa gani ba.

Bayan an gama ajin kuma me za a karanta? Mu littattafan yara aka miƙa mana, ga kyanwa, ga ƙwallo, mutum da furfura a gemu. Kalmar farko da na karanta da kaina a wajen aji, a kan rasit na gan ta: katako. Na tsaya ina kallonta kamar na haɗu da ɗan'uwa. Abin da babba ke so ke nan, ya karanta abin da ya shafi sana'arsa da lafiyarsa da haƙƙinsa. Karatun da ba a taɓa shi gudu yake yi. Cikin waɗanda muka karɓi takardar shaida tare, akwai waɗanda yau sun koma dangwala yatsa, don ba abin karantawa a gidajensu. Tanzaniya ta gane wannan: bayan shugabanta na lokacin, Julius Nyerere, ya ayyana 1970 a matsayin shekarar ilimin manya, sai aka biyo da jaridun karkara da ƙananan ɗakunan karatu domin sababbin masu karatu. Wanda ke da tsofaffin jaridu da littattafai jibge suna cin ƙura, wanda ke da ɗakin da ba kowa a ciki da yamma, wanda ke da abin hawa da zai iya sauke mutum biyu a hanya bayan ajin dare, duk kun sallame su a ranar ba tare da kun ba su aikin yi ba.

Ku kanku me ya hana ku ware minti biyu a mako ku faɗi inda ake ajujuwan da lokacinsu? Wanda bai iya karatu ba ai ba zai ga sanarwar da aka manna a bango ba, kunnensa yana wurinku. Ina roƙo ku sake shirin, kuma wannan karon ku zaunar da wanda ya taɓa guduwa daga aji ku tambaye shi dalili.

Tun da na riga na ɗauki alƙalami, bari in ƙara da wannan. Kiɗan da kuke sakawa a ƙarƙashin kanun labaran safe ya yi ƙara da yawa, yana danne muryar mai karantawa. Mu da shekaru suka fara ja sai mun manna rediyo a kunne, duk da haka rabi muke kamawa. Na buga waya a kan wannan ya fi a ƙirga, layinku ba ya shiga. Don Allah a rage shi.

Wannan wasiƙa da hannuna na rubuta ta, kwana huɗu ina yi ina gyarawa.

Naka,
Mai sauraronku na kullum, wani kafinta.